Rariya a cikin jijiya: yadda ƙarfen tare gudan jini ya kai kamfanoni gaban alƙali a Amurka

A ƙarshen watan Oktoban 1974, wata biyu da 'yan makonni bayan Richard Nixon ya sauka daga shugabancin Amurka, aka shiga da shi ɗakin tiyata a wani asibiti da ke Long Beach, a jihar Kalifoniya. Ƙafarsa ta hagu ce ta kumbura, jini ya daskare a jijiyoyinta, kuma tun a watan Satumba likitoci sun gano wani ɗan gudan jini ya tsinke ya tafi huhunsa. Sai suka yanka ƙasan cikinsa suka ɗana wani ɗan matsi na roba mai haƙora, kamar abin maƙale shanya, a kan jijiyar da ke ɗauko jini daga ƙafar, don ya tare duk gudan da zai sake tasowa. Aikin ya yi kyau. Amma bayan 'yan sa'o'i jini ya ɓalle masa ta ciki, ga shi dama yana kan maganin tsinka jini, har sai da ya kusa rasa ransa.

Abin da ya sami Nixon shi ne tsaka mai wuyar da likitoci suka daɗe a cikinta. Gudan jini a ƙafa yana kisa, maganinsa ma yana iya kisa. Wajen neman hanya ta uku ne aka ƙirƙiro wani ɗan ƙarfe mai kama da ƙasusuwan lema, wanda ake zurawa cikin babbar jijiya ya zauna kamar rariya. Ƙarfen ya ceci rayuka. Ya kuma karye a jikin mutane, ya huda hanji, ya shiga zuciya, ya haifar da dubban ƙararraki a kotunan Amurka.

Me ya sa huhu?

Jinin da ya gama aiki a ƙafafu da ƙugu yana komawa zuciya ne ta wata babbar jijiya da ke kwance a gefen dama na ƙashin baya, faɗinta wajen santimita 2. Likitoci suna taƙaita sunanta da IVC. Daga ita jini ya shiga ɓangaren dama na zuciya, zuciya ta tura shi huhu ya ɗebo iska. To, daga ƙafa zuwa zuciya hanyoyin ƙara faɗi suke yi, saboda haka gudan da ya tsinke ba shi da inda zai maƙale. Sai a huhu, inda hanyoyi suka fara rarrabuwa suna tsukewa. Idan ƙarami ne, mutum ya ji ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi. Idan babba ne, yana iya faɗuwa nan take. Bajamushen likitan nan Rudolf Virchow ne ya fayyace wannan tafiya a tsakiyar ƙarni na 19, har da gwaji a kan karnuka. Waɗanda abin ya fi samu su ne masu doguwar jinya a gado, masu karaya, waɗanda aka yi wa babbar tiyata, masu ciwon daji, da mata masu ciki ko jego.

Dabarar farko ta gaba-gaɗi ce: a ɗaure hanyar. A shekarun 1930 John Homans na birnin Boston ya yaɗa ɗaure jijiyar cinya, daga baya wasu suka hau sama suka riƙa ɗaure babbar jijiyar kanta. Ana tare gudan kam, amma sai ƙafafu su kumbura, gyambo ya biyo baya. Kuma jini ba ya rasa hanya: ƙananan jijiyoyin gefe sai su buɗe, a kwana a tashi su yi faɗin da gudan jini zai iya bi. Shi ya sa aka koma matse jijiyar maimakon ɗaure ta, irin wanda aka yi wa Nixon.

A wannan tsakanin magani ya iso. An fara ba mutane heparin a shekarun 1930, warfarin kuma, wanda asalinsa maganin ɓera ne, aka amince da shi ga ɗan Adam a 1954. A 1960 wasu likitoci biyu a Bristol ta Ingila, Barritt da Jordan, suka buga gwajin da ya rufe bakin masu shakka: cikin majinyata 19 da ba a ba maganin tsinka jini ba, gudan jini ya kashe 5, cikin 16 da aka ba, bai kashe ko ɗaya ba. Tun daga nan magani ya zama ginshiƙi, har yau kuwa.

Saura wa? Saura wanda ba zai iya shan maganin ba. Mai gyambon ciki da ke zubar da jini, wanda jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa, wanda za a yi wa tiyata gobe da safe alhali ga gudan jini a cinyarsa. Wannan shi ne majinyacin da aka ƙera rariyar dominsa. Mai karatu ya riƙe shi a rai, don rabin rigimar da ta biyo baya ta faro ne daga lokacin da aka fara dasa ƙarfen a jikin waɗanda ba su ba.

Likita da injiniyan mai

A 1967 wani likitan tiyata mai suna Kazi Mobin-Uddin ya fito da ta farko da ake turawa ta cikin jijiyar wuya ba tare da an buɗe ciki ba. 'Yar lema ce mai ƙasusuwan ƙarfe da rufin roba mai huji-huji. Tana kama gudan jini sosai, har ma fiye da kima: a wasu rahotanni, fiye da rabin waɗanda aka sa wa babbar jijiyarsu ta toshe gaba ɗaya. Wani lokaci kuma lemar ta kuɓuce ta tafi zuciya. Daga baya aka daina amfani da ita.

Wadda ta zauna ita ce ta Lazar Greenfield. A ƙarshen shekarun 1960 yana aikin tiyata a Jami'ar Oklahoma, aka kawo masa wani matashi da ya yi haɗarin babur ya karye a ƙafafu. Gudan jini ya cika masa huhu, Greenfield ya buɗe ƙirji ya kwashe abin da zai iya, amma yaron bai tashi ba. Wanda ya taimaka masa ya sami mafita ba likita ba ne. Garman Kimmell injiniya ne mai kamfanin ƙera kayan rijiyoyin mai, kuma da ya ji bayanin sai ya ce ai wannan matsalar dagwalo ce a bututu. Rariya shimfiɗaɗɗiya tana toshewa da wuri. Amma idan aka yi ta kamar mazurari, tsininta na kallon inda ruwa ya nufa, dattin zai taru a tsakiya ruwa ya ci gaba da wucewa ta gefe.

Lissafin mai sauƙi ne, kuma yana da daɗi. Idan gudan jini ya cika mazurarin daga tsini har kashi 70 cikin 100 na zurfinsa, faɗin wurin da ya cika shi ma kashi 70 ne na faɗin bakin. Girman fili kuwa faɗi sau faɗi ne: 0.7 sau 0.7 ya ba da 0.49. Wato rariyar ta cika kusan kashi uku cikin huɗu, amma rabin hanyar jini na nan a buɗe. Jinin da ke wucewa ta gefe kuma yana ɗauke da sinadaran da jiki ke narkar da gudan jini da su, sai ya riƙa cin abin da aka kama a hankali. A farkon shekarun 1970 rariyar Greenfield ta shiga asibitoci: ƙafafu shida na baƙin ƙarfe marar tsatsa, kowace da ƙugiya a ƙarshe da za ta cafki bangon jijiya. Ta dindindin ce. In an sa, an sa ke nan.

Da aka koyi tura ta ta cikin siririn bututu da allura kawai a shekarun 1980, aikin ya zama na ƙasa da awa guda, sai amfani ya ƙaru. Wani ƙiyasi ya nuna an dasa kimanin 2,000 a Amurka a 1979, zuwa 1999 kuma wajen 49,000.

Abin mamakin shi ne, an yi shekara 25 ana dasawa kafin a yi gwajin da ya raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a don a ga ko ƙarfen yana da amfani. Kuma ba a Amurka aka yi shi ba, a Faransa ne. Gwajin PREPIC, wanda aka buga a 1998, ya ɗauki mutum 400 masu gudan jini a cinya, aka ba kowa maganin tsinka jini, rabi kuma aka ƙara musu rariya. A kwana 12 na farko, mutum 2 masu rariya ne gudan ya kai huhunsu, a ɗaya ɓangaren mutum 9. Madalla. Amma bayan shekara biyu, kashi 20.8 cikin 100 na masu rariya sun sake samun gudan jini a ƙafa, marasa ita kashi 11.6. Mace-mace kuwa babu bambanci, ko da aka sake bibiyar su bayan shekara takwas. Ma'ana, ƙarfen yana kare huhu a makonnin farko, sannan ya zama baƙon da ke haddasa daskarewar jini a ƙasansa in ya daɗe.

Duk wanda ya karanta wannan sakamako zai yi tunani ɗaya: to a ƙera wadda za a sa a lokacin haɗari, a cire in ya wuce. Tunanin daidai ne. Yadda aka aiwatar da shi ne ya kawo mu kotu.

Ƙofar da ake kira 510(k)

Kafin 1976 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, wadda aikinta ya yi kama da na NAFDAC a Najeriya, ba ta da cikakken ikon tantance kayan aikin likita kafin su shiga kasuwa. Bala'in wata robar tsarin iyali mai suna Dalkon Shield, wadda ta jawo wa mata da yawa mugun ciwon mahaifa, yana cikin abin da ya tilasta majalisa yin doka a shekarar. Dokar ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko mai tsauri ce, sai kamfani ya kawo hujjar gwaji a kan mutane. Ta biyu, wadda ake kira da lambar sashenta 510(k), abin da take nema kawai shi ne kamfani ya nuna sabon kayansa ya yi daidai da wani da ke kasuwa tuntuni. Sai abin ya zama salsala: wannan ya yi kama da wancan, wancan ya yi kama da ubansa, har a dangana da kakan da shi kansa ba a taɓa gwada shi yadda ya kamata ba. Kotun Ƙolin Amurka ta taɓa kawo alƙaluman a wani hukunci na 1996: ƙofar farko tana cin awa 1,200 na bincike, ta biyu awa 20. A 2011 Cibiyar Nazarin Likitanci ta ƙasar ta ba da shawarar a maye gurbin tsarin baki ɗaya. Yana nan har yanzu.

Ta wannan ƙofa rariyoyin da ake iya cirewa suka shigo. Kamfanin C. R. Bard ya sami izinin sayar da tasa mai suna Recovery a 2002 a matsayin ta dindindin, bisa cewa ta yi kama da wata tsohuwa mai suna Simon Nitinol, sannan a 2003 aka ƙara masa izinin cewa ana iya cire ta. A shekarar ce kuma kamfanin Cook ya sami irin wannan izini ga tasa, Günther Tulip, daga baya ya fito da Celect.

Nan akwai wata sarƙaƙiya ta ƙira da ya kamata a tsaya a kanta. Rariyar dindindin aikinta ɗaya ne: ta cafke ta zauna. Wadda za a cire kuwa ana son ta cafke da ƙarfi don kada ta motsa, kuma ana son ta saki da sauƙi ranar da likita ya ja ta. Buƙatu biyu ne masu karo da juna. Don ta saki, sai a sirance ƙugiyoyin a sa su masu lanƙwasuwa. Recovery tana da siraran wayoyi goma sha biyu, shida gajeru a sama shida dogaye a ƙasa, na wani haɗin ƙarfe da ake kira nitinol, wanda ke komawa siffarsa ta asali in ya ji ɗumin jiki. Sannan babbar jijiyar ba bututun famfo ba ce. Tana buɗewa tana lotsawa da kowane numfashi, mutum kuma yana numfashi wajen sau 20,000 a yini. Tari, atishawa, yunƙuri, ɗaukar kaya, duk suna murɗa ta. Kowa ya san yadda ake tsinka waya da hannu: a yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta gaji ta karye. In ƙafa ɗaya ta huda bangon jijiya ta maƙale a tsoka ko ƙashi, nan wurin lanƙwasuwar ya koma, kuma nan take karyewa.

Illolin da aka riƙa gani a jere suke, ɗaya na jan ɗaya. Rariya ta karkace. Ƙafarta ta huda jijiya ta shiga hanji, ko ƙashin baya, ko babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya. Waya ta karye jini ya kwashe ta zuwa zuciya, ta soki bangonta jini ya taru a jakar da ke kewaye da ita, ko ta rikita bugunta. Mafi muni, babban gudan jini ya taho ya ture rariyar ɗungurungum zuwa cikin zuciya.

Me kamfanin ya sani, kuma yaushe?

Wannan ita ce tambayar da shari'o'in suka rataya a kanta. A watan Satumban 2015 tashar NBC ta watsa wani bincike da ya danganta Recovery da mutuwar aƙalla mutum 27. Rahoton ya ce tun a ƙarshen 2004 wani likita da kamfanin ya ɗauko ya duba alƙaluma ya rubuta cewa rahotannin mutuwa da karyewa da motsi sun fi yawa a Recovery idan aka kwatanta da na sauran kamfanoni. Bard bai janye ta daga jikin kasuwa a hukumance ba. Ya ci gaba da sayarwa har 2005, lokacin da ya maye gurbinta da wata da ya gyara mai suna G2. An sayar da Recovery kimanin 34,000. Wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin ta shaida wa tashar cewa ta ƙi sa hannu a takardar neman izini saboda damuwar da take da ita, amma daga baya aka ga sa hannu da sunanta. Kamfanin ya ƙaryata wannan zargi. A watan Yulin shekarar kuma FDA ta aika wa Bard takardar gargaɗi, a kan sayar da wata na'urar cire rariya ba da izini ba da kuma sakaci wajen kai rahoton illoli.

Bard yana da amsa, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce karyewa da motsi haɗari ne da aka sani ga kowace rariya, an rubuta su a takardar umarnin da ke cikin kwali. Ya ce rumbun rahotannin FDA na sa-kai ne, ba wanda ya san adadin da ba a kawo ba, don haka ba a iya auna wane kaya ya fi wani haɗari da shi. Wannan gaskiya ne ta fuskar kimiyya. Sai dai a ganina hujjar tana da kaifi biyu: in rahotannin ba su isa su tabbatar da haɗari ba, ai ba su isa su wanke kayan ba, kuma wanda ke da kuɗi da ikon yin gwajin da zai raba gardama shi ne mai sayarwa.

Waɗanda suka fara dubawa da gangan likitoci ne a asibitoci. William Nicholson, likitan zuciya a asibitin York da ke Pennsylvania, ya kira majinyatan da aka sa wa rariyar Bard ya ɗauki hotonsu. A sakamakon da ya buga a 2010, cikin mutum 80, an sami karyewa a 13: 7 cikin 28 masu Recovery, 6 cikin 52 masu G2. Ƙaramin bincike ne na asibiti guda, amma ya girgiza mutane, don da yawansu suna yawo da guntun ƙarfe ba su sani ba. A ranar 9 ga Agustan 2010 FDA ta fitar da sanarwa cewa tun 2005 ta karɓi rahoto 921 na illolin rariya, 328 a ciki na motsi daga inda aka dasa, 146 na guntun da ya ɓalle ya bi jini, 70 na huda jijiya, 56 na karyewa. Na Cook ma ba su tsira ba: wani bincike na 2012 da ya duba hotunan sikanin na rariya 50 na Tulip da Celect ya ga huda bangon jijiya a kashi 86 cikin 100, ko da yake mafi yawan irin wannan hudawa ba ta sa mutum jin komai.

Ga kuma ɓangaren da ba na kamfani ba. An ƙera abin don a cire, amma ba a cirewa. Wani bincike a wani babban asibitin Boston da aka buga a 2013 ya bi rariya 679 masu ciruwa, ya tarar 58 kacal aka cire, kashi 8.5 ke nan. Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ya dasa likitan hoto ne ko na jijiya, ya ga majinyacin sau ɗaya. Wanda ya sallame shi wani ne dabam. Likitan unguwarsu wataƙila bai ma san an sa ba. Ba wanda ya ɗauki cirewar a matsayin aikinsa. Sannan kalmar "ana iya cirewa" ta sa hannun likitoci ya saki: aka riƙa sa wa masu haɗarin mota da waɗanda za a yi wa tiyatar rage ƙiba ko ta ƙashin baya, mutanen da ba su da gudan jini ko ɗaya, don rigakafi kawai. Zuwa 2010 ana dasa kusan 130,000 a shekara ga majinyatan da ke kwance a asibitocin Amurka, ninkin-ba-ninkin abin da ake yi a Turai. A 2014 FDA ta ƙara fayyacewa: in haɗarin ya wuce, lokacin da ya fi dacewa a cire shi ne tsakanin kwana 29 da 54 bayan dasawa.

A gaban alƙali

Wani abin ban sha'awa a dokar Amurka: sauƙin ƙofar 510(k) shi ne ya buɗe ƙofar kotu. A shari'ar Medtronic da Lohr ta 1996 Kotun Ƙoli ta ce izinin 510(k) ba tantance lafiyar kaya ba ne, don haka bai hana wanda ya cutu kai ƙara ba. A 2008 kuma, a shari'ar Riegel, ta ce kayan da ya bi ƙofa mai tsauri yana da kariya daga mafi yawan irin waɗannan ƙararraki. Kamfanonin rariya sun bi gajeriyar hanya, sai suka rasa garkuwar.

Da ƙararraki suka yi yawa, aka tattara na kotunan tarayya a gaban alƙali ɗaya ga kowane kamfani. Na Cook aka kai Indiana a 2014, gaban mai shari'a Richard Young. Na Bard aka kai Arizona a 2015, gaban mai shari'a David Campbell, inda suka haura 8,000. Ba ƙara ɗaya ba ce ta taron dangi. Kowa da tasa, binciken takardu da jin masana ne ake yi tare. Sannan a zaɓi 'yan kaɗan a yi shari'arsu a gaban juri, wato mutanen gari da ake zaɓowa su saurari shaidu su yanke hukunci, don ɓangarorin biyu su ga inda iska ke kaɗawa. Lauyoyin can suna kiran waɗannan shari'o'in gwaji da sunan ragon da ake rataya wa ƙararrawa ya ja garke.

Ta farko a kan Bard an yi ta a Phoenix a watan Maris na 2018. Wata mata ce aka sa wa G2 a 2007. Ta karkace, ta huda jijiya, ta karye, guntu ɗaya ya tafi zuciya har sai da aka buɗe mata ƙirji a 2014, wani guntun kuma ya rage a jikinta. Juri ba su yarda cewa ƙirar ce ke da aibi ba. Abin da suka kama kamfanin da shi shi ne sakaci wajen gargaɗin likitoci. Suka ƙiyasta cutarwar a dala miliyan 2, suka ɗora wa Bard kashi 80, sauran kashi 20 kuma a kan wani likitan hoto da bai ja hankali ga karyewar ba tun a hoton 2009. Suka ƙara dala miliyan 2 diyyar horo, jimla miliyan 3.6. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2020. Amma shari'o'in gwaji biyu da suka biyo baya a 2018 Bard ne ya yi nasara. Rahoton likitan nan na 2004 ma, wanda 'yan jarida suka yi ta ambato, alƙalin Arizona ya yanke cewa aikin lauyoyin kamfani ne na shirin shari'a, masu ƙara ba za su dogara da shi ba.

Na Cook ma haka suka yi ta tangal-tangal. Ya ci ta farko a ƙarshen 2017. An kori ta biyu saboda wa'adin shigar da ƙara ya wuce. A 2018 wata kotun jiha a Houston ta ba wani ma'aikacin kashe gobara dala miliyan 1.2. A farkon 2019 juri a Indiana suka ba wata mata dala miliyan 3, amma bayan shekara guda alƙali ya soke hukuncin ya ce a sake shari'a, saboda wata shaida da bai kamata a gabatar ba. Mafi girma shi ne na Philadelphia a watan Oktoban 2019, a kan wani ƙaramin kamfani mai suna Rex Medical: dala miliyan 33.7, fiye da miliyan 30 a ciki diyyar horo ce.

Me ya sa sakamakon ya rarrabu haka, alhali ƙarfen kusan iri ɗaya ne? Na farko, kowace jiha da dokarta. Na biyu, a mafi yawan jihohi wajibin kamfani shi ne ya gargaɗi likita, ba majinyaci ba. In likitan ya zo kotu ya ce ko da an faɗa masa ƙarin bayani zai dasa, ƙarar ta raunana. Na uku, mutanen nan da yawa dama marasa lafiya ne sosai, lauyan kamfani kuma zai tambaya: da ba a sa ba, kina da tabbacin za ki kai yau? Akwai kuma matsalar wa'adi, wadda ta fi ban tausayi, don mutum na iya ganin kalmar "karkacewa" a rahoton hoto shekaru da suka wuce bai fahimci komai ba, kotu kuma ta ce daga ranar agogonsa ya fara. Dubban ƙararrakin Bard an sasanta su ne a asirce, sauran aka mayar da su kotunan jihohinsu bayan an rufe karɓar sababbi a Arizona a 2019. Kamfanin kansa Becton Dickinson ya saye shi a 2017 a kan dala biliyan 24, ana tsakiyar shari'a.

Kimiyyar ba ta jira kotu ba. Faransawan nan suka sake gwaji, PREPIC2, aka buga a 2015: mutum 399 masu gudan jini a huhu, duk suna shan magani, rabi da rariya mai ciruwa. Bayan wata uku, 6 masu rariya sun sake samun matsalar, marasa ita 3. Ga wanda zai iya shan magani, ƙarfen bai ƙara komai ba. A 2019 wani gwaji a Ostareliya kan mutum 240 da suka ji munanan raunuka ya nuna dasa rariya da wuri don rigakafi bai rage mutuwa ko gudan huhu ba idan aka haɗa lissafin. A ɗaya hannun, wani babban bincike mai suna PRESERVE, wanda ya bi fiye da mutum 1,400 a asibitocin Amurka aka buga a 2023, ya sami ƙarancin karyewa da motsi a rariyoyin yanzu inda ake bibiyar majinyata da kyau. Sai dai babu rukunin marasa rariya a cikinsa da za a kwatanta. Majinyacin nan na asali kuwa, mai gudan jini da ba zai iya shan magani ba, har yau ƙungiyoyin likitoci sun yarda a sa masa.

Tsakanin 2010 da 2014 yawan dasawa a Amurka ya ragu da kimanin kashi 29 cikin 100, asibitoci da dama kuma suka buɗe rajista da ma'aikacin da aikinsa shi ne kiran majinyata su dawo a cire. Wannan ya shafi duk wanda aka yi wa aiki a asibitin wata ƙasa ya dawo gida: in takardar sallama ta ambaci rariyar IVC, a nemi sanin sunanta, ranar da aka sa, da wanda zai cire, don nisa yana ƙara tsinka zaren bibiyar da ko a Boston ya tsinke.

Waɗanda suka daɗe da ita a jiki, tasu ta fi wuya. Bayan shekaru tsoka tana rufe ƙafafun ƙarfen ta haɗe su da bangon jijiya, jan ta da ƙarfi kuma na iya yaga jijiyar. William Kuo na Jami'ar Stanford yana cikin waɗanda suka fara amfani da hasken leza wajen ƙone tsokar da ta riƙe ƙarfen, kuma a watan Disamban 2021 FDA ta ba da izinin na'urar leza ta farko da aka keɓe don wannan aiki, ta kamfanin Philips. Recovery da G2 kuwa, an daina sayar da su tuntuni, amma ba a taɓa yin sanarwar janye su saboda karyewa ko motsi ba.